Yadda Malam Jaji Ya Sake Ƙarshen Wasan Masinja

Malam Jaji ɗan Dudunni ne, amma a Kankiya aka fi saninsa, don can ya yi karatu, can kuma ya fara koyarwa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya ko a cikin aji, har wanda bai san shi ba sai ya ɗauka mutum ne marar raha. Alhali tun yana ƙarami babu wanda ya kai shi iya kwaikwayo a ƙauyensu. Idan aka gama girbi samari suka shirya wasan kalankuwa, shi ake ba Bature. Sai ya shafa farar ƙasa a fuska, ya kifa ƙwarya a ka a madadin hular Turawa, ya riƙa murɗe Hausa yana ba da oda, har tsofaffi su riƙe ciki don dariya.

Mahaifinsa, Kabo, masinja ne na Turawan da ke kula da hanyar Kano zuwa Katsina. Wannan aiki ne ya sa Jaji ya shiga boko a zamanin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu idan an zo ɗibar yara. Kabo ya daɗe yana ganin akawu zaune a inuwa shi kuwa yana rana, ya ce nasa ɗan alƙalami zai riƙe. Ya kai shi elementare a Kankiya, daga nan aka wuce da shi Katsina, ya dawo da takardar malanta aka ba shi aji a makarantar da ya fito. Ya auri Zinariya, ɗiyar wani maɗinki da ke bakin kasuwa, suka zauna a wani ƙaramin gida kusa da makarantar.

A makarantar akwai wani wasan kwaikwayo da ake yi kowace shekara, ranar bikin Daular Ingila, gab da faɗuwar damina. Ana ce masa Wasan Masinja. Hedimasta, Malam Babba, shi ya tsara shi tun yana da ƙuruciya, kuma labarin Kabo ne ya ɗauko. Wata damina can baya, wani Baturen hanya da ake wa laƙabi da Mai Lofe yana rangadi wajen Kusada, ya iske wani rafi ya kawo. Aka ba shi shawara ya jira ruwa ya janye, ya ƙi, ya sa doki. Ruwa ya kwashe shi, Kabo ya faɗa ya fid da shi. Haka wasan yake tafiya, da yara masu kaɗa shuɗin zane a matsayin ruwa, da doki na kara. A ƙarshe masinja ya faɗi ya yi gaisuwa, Bature ya yafa masa bargo, yara su jeru su rera waƙar yabon Ingila, Turawa su tafa, kowa ya watse. Jaji ya taso yana alfahari da wannan wasa. Abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba shi ne, Kabo bai taɓa zuwa kallo ba, ko da aka gayyace shi sai ya ce aikin gona ya riƙe shi.

Bayan yaƙin Bama da wasu shekaru, aka kawo wani sabon Baturen makaranta. Matashi ne, ya iya Hausa ƙwarai, ba shi da faɗa, kuma yana son Jaji. Yakan ara masa littattafai, yakan yabe shi gaban sauran malamai. Idan ya sauka a barikin da ke gefen gari ya aika a kira shi, Jaji yakan bi ƙaramar hanyar da ta ratsa ta bayan kicin, ya tuɓe takalma, ya tsaya a gindin matakala, Bature na zaune a baranda suna hira kamar abokai. Haka kowa ke yi, haka Jaji ya tarar ana yi, shi ma yake yi.

Wata shekara Baturen makarantar ya ce wa Malam Babba ƙarshen wasan nan ya tsufa. Zamani ya juya, ana ta maganar mulkin kai, kuma bana akwai manyan baƙi da za su zo daga Katsina. Bai dace a nuna mutum kwance a ƙasa gaban Bature ba. Yana son a sake ƙarshen ya nuna zumunci, masinja da Bature su zauna tebur guda su sha shayi. Malam Babba ya amsa da to. Da ya koma makaranta sai ya kira Jaji ya ce masa shi ya tsufa, idonsa ma ba ya ganin rubutu sosai, kuma tun da labarin mahaifinsa ne, shi ya fi dacewa ya rubuta.

Jaji ya karɓa da murna. Ya zaci aikin yamma guda ne. Ya zauna a zaure ya kawo masinja har bakin baranda, ya sa Bature ya miƙe ya nuna masa kujera, sai alƙalami ya tsaya. Bai san inda masinjan zai ajiye takalmansa ba, bai san ko zai zauna sosai ko zai ɗosana ba, bai san abin da zai ce ba idan ya ɗauki kofi. Duk maganar da ya sa a bakinsa sai ya ji ba ta mutum ba ce. Shi da ya iya kwaikwayon kowa, ya rasa yadda zai kwaikwayi wannan, don bai taɓa gani ba, bai kuma taɓa jin wanda ya gani ba.

Ya kai kuka wurin abokin aikinsa, Malam Bubayero, malamin lissafi. Bubayero Bafillace ne fari, shi ya sa kullum shi ke fitowa a Bature cikin wasan. Mutum ne mai zafi, mai karanta jarida, ba ya rasa taron 'yan siyasa idan sun zo gari. Da ya ji abin da ake so sai ya yi tsaki. Ya ce dama ce ta zo hannu, a rubuta masinja ya karɓi bargon ya jefa wa Bature a fuska, ya gaya masa duk abin da ke ran talakawa, ya juya ya yi tafiyarsa. Ya ce shi da kansa zai tsaya a jefe shi da bargon, kuma zai nuna tsoro yadda jama'a za su ji daɗi.

Jaji ya rubuta wannan, kuma ya ji daɗin rubuta shi fiye da yadda ya zata. Kalmomi suka riƙa zuwa da gudu. Ya shiga cikin gida ya iske Zinariya tana tankaɗe, ya karanta mata da murya irin ta wasa. Ta yi dariya har ta ajiye rariya. Da ta nutsa sai ta tambaye shi ko haka Baba ya yi. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya san wani da ya taɓa yin haka ya kwana a gidansa. 

Ta ce, "Malam, mai labarin fa yana da rai. Ga Dudunni nan, ba nisa. Me zai hana ka je ka ji daga bakinsa?"

Ranar da babu makaranta ya hau kekensa ya tafi. Zafi ya yi tsanani, hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa, kowa na gona yana shiri. Ya iske Kabo yana baza taki, ya tsufa, ya rame, amma hannunsa bai mutu ba. Ya daɗe da barin aikin masinja ya koma noman gero da wake. Suka gaisa, Jaji ya karɓi kwandon ya taya shi har suka kai ƙarshen kunya, sa'an nan suka zauna a inuwar gawo. Jaji ya faɗa masa abin da ke tafe da shi.

Kabo ya ɓare goro. Da ya fara magana, bai tsaya kan ruwan ba, ya ce wannan kowa ya sani, kuma duk wanda ya iya iyo zai yi abin da ya yi. Abin da ya ba da labari shi ne bayan sun fito. Ya ce Mai Lofe ya riƙe masa wuya kamar jinjiri, yana kuka yana kiran wani suna da Turanci, wanda shi yake zaton na uwarsa ne. Sauran 'yan rakiya duk suna ƙetare, ba su da halin hayewa. Su biyu suka rarrafa gindin wata tsamiya suna rawar sanyi, suka jingina da juna don su ji ɗumi. Kabo yana da ɗan ƙuli-ƙuli ɗaure a lalitarsa, ya jiƙe ya yi laushi, suka raba suka ci. Mai Lofe ya tambaye shi sunan ƙauyensu da ko yana da 'ya'ya, shi ma Baturen ya faɗa masa yana da ɗiya a ƙasarsu wadda bai taɓa gani ba.

"A gindin tsamiyar nan, mutum biyu ne zamne," in ji Kabo. "Ban san Bature ba, bai san masinja ba. Har ruwa ya janye."

Jaji ya tambaye shi abin da ya faru da suka isa bariki.

Kabo ya ce da suka isa, kuku ya tarye su da tawul, Mai Lofe ya haye baranda ya shige ciki, shi kuwa ya tuɓe abin da ya rage na takalmansa ya tsuguna inda ya saba tsugunawa. Can an jima kuku ya fito masa da bargo, da shayi mai zafi cikin gwangwanin madara. Bargon mai kyau ne, ya yi shekaru yana rufa da shi. Washegari Mai Lofe ya fito, ya miƙa masa takardun da zai kai Katsina, bai dube shi ba. Daga ranar bai ƙara yarda sun haɗa ido ba, kuma kafin kaka ta yi ya sa an mai da shi wurin wani Bature. Kabo ya ce shi a ganinsa kunya ce, mutumin ba ya son ganin wanda ya ga hawayensa.

"Ba mugu ba ne, Jaji. Na yi aiki da miyagu, na san su. Wanga shina da kirki. Amma ko mai kirkin cikinsu bai taɓa ce mani in zamna ba. Har na yi furfura, yaran da ba su kai ka ba suna zuwa daga ƙasarsu suna kirana boyi."

Ya faɗi wannan ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin farashin hatsi na bara. Daga nan ya koma maganar irin gero da zai shuka, da jakinsa da ke ɗingishi.

A hanyar dawowa Jaji ya riƙa tuƙa keke a hankali yana juya maganar. Ya lura cewa ƙarshen da Baturen makaranta ke so da wanda Bubayero ke so, duk da sun yi hannun riga, abu guda suke faɗa, wato magana ta ƙare. Na farko ya ce ta ƙare da shan shayi, kowa ya koma gida da sanyin zuciya. Na biyu ya ce ta ƙare da ramuwa, kowa ya koma gida yana jin an huce masa. Shi kuwa ya san idan an kira shi bariki gobe, ta bayan kicin zai bi. Ya tuna kantin Turawa a Kano, inda ya taɓa tsayawa da rigarsa mafi kyau ana sallamar duk farin da ya shigo bayansa. Abin da bai ƙare a gari ba, ta yaya zai tsaya gaban mutanen garin ya ce musu ya ƙare? Kuma bai so ya mai da Mai Lofe dodo, don mahaifinsa ya ce ba dodo ba ne, kuma da dodo ne da abin ya zo da sauƙi, sai a ce halin mutum guda ne.

Ya zauna ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ya ƙara fitowar gindin tsamiya, wadda babu ita a tsohon wasan. Bai cire shayin da aka umarta ba, amma Bature na shan nasa a kofi bisa kujera, masinja na shan nasa a gwangwani a ƙasa, kuma kusa da Baturen akwai wata kujera da babu kowa a kai. Sa'an nan ya ƙara fitowa ta ƙarshe. Shekaru sun wuce, masinja ya yi farin gemu, yana tsugune a wurin nan dai. Wani sabon Bature matashi ya fito, ya ce boyi, ya miƙa takarda yana kallon wani wuri. Tsoho ya tashi ya karɓa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya tafi. Babu waƙa.

Bai ɓoye wa Malam Babba ba. Ya kai masa ya karanta masa tun daga farko. Dattijon ya saurara ido rufe, da aka gama ya yi ajiyar zuciya. Ya ce lokacin da ya tsara wasan shi ma ya san ba haka aka ƙare ba, amma a zamanin ko sa baƙin mutum ya zama jarumin wasa gaban Turawa ba ƙaramin abu ba ne, iyakar inda ya iya kaiwa ke nan. Ya ce ba zai hana ba, shi ya kusa ajiye aiki, amma Jaji ya tuna yana da iyali kuma yanzu ya fara. Jaji ya ce ya tuna. Bubayero kuwa bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce wannan ƙarshe ya bar mutum a ƙasa, kuma talaka ya gaji da ganin kansa a ƙasa, ba sai an nuna masa a wasa ba. Suka yi ta musu har kwanaki, babu wanda ya ja wani. Duk da haka Bubayero ya yarda ya fito, kuma da aka fara gwaji sai ga shi ya fi kowa iya miƙa takardar nan ba tare da ya dubi mai karɓa ba.

Ranar biki, bayan la'asar, aka taru a filin makaranta. An kafa rumfa an jera kujeru don Turawa da matansu, manyan gari na gefe bisa darduma, sauran jama'a sun yi da'ira, masu rabo sun sami inuwar itacen bedi, saura suna rana. Jaji na tsaye bayan zanan da aka kafa don 'yan wasa, sai ya hango mahaifinsa cikin jama'a, ya ɗaure jakinsa a nesa ya zo ya zauna kusa da wasu tsofaffin sojoji. Jaji bai aika masa ba. Gabansa ya faɗi fiye da yadda ya faɗi don Turawan.

Wasa ya fara kamar kullum. Aka yi dariya da dokin kara ya kife, aka yi sowa da masinja ya faɗa ruwa. Da aka zo gindin tsamiya sai hayaniya ta ragu, don ba a saba da wannan ba. Har wata Baturiya ta ciro hankici. Da kuku ya fito da gwangwani, wasu suka fara dariya, sai dariyar ta mutu a hanya. Malamin da ya fito a masinja ya manna gemun auduga, ya tsuguna. Bubayero ya sake hula ya fito a sabon Bature, ya ce boyi. Tsoho ya karɓi takarda ya fita. Fili ya zauna babu kowa sai kujeru biyu.

Jama'a suka ci gaba da zama suna jira. Suna jiran waƙa, ko wani ya dawo ya gyara abin. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta tambayi na kusa da ita, a fili yadda kowa ya ji, ko saura na zuwa. Sai da Jaji ya fito daga bayan zana, ya rusuna, ya ce, "Jama'a, iyakar abin da ya faru ke nan zuwa yau." Baturen makaranta ya fara tafi, sauran Turawa suka bi shi kaɗan-kaɗan, manyan gari suka dubi ƙasa. Mutane suka watse a hankali, ba irin watsewar biki ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin ya biyo ta kusa da Jaji, ya kama hannunsa ya riƙe, ya saki, ya wuce.

Washegari aka kira shi bariki. Ya bi ta bayan kicin, ya tuɓe takalma, ya tsaya gindin matakala. Baturen makaranta na zaune. Bai yi faɗa ba. Ya ce wasan ya tsaru, fitowar gindin tsamiya ta taɓa shi ƙwarai, amma ƙarshen ba shi da fata, kuma abin da ƙasa ke bukata yanzu fata ne. Ya ce irin waɗannan abubuwa na zamanin da ne, suna wucewa. Sa'an nan ya tambaya, da alamar abin ya dame shi da gaske, ko shi ya taɓa wulaƙanta Jaji.

Jaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka taɓa yi mini mugun baki ba. Ni dai na rubuta abin da na gani ne. Wanda ban gani ba na gwada, ya ƙi rubutuwa."

Baturen ya buɗe baki zai amsa, sai idonsa ya sauka kan ƙafafun Jaji, daga nan ya koma kan kujerar da ke gefensa. Kunnuwansa suka yi ja. Jaji ya ga mutumin yana kokawa da kansa. Kuku na leƙe ta taga, wani Bature na cikin ɗaki yana karin kumallo. A ƙarshe Baturen makarantar ya miƙe tsaye, ya sauko matakala guda, suka ƙarasa maganar dukansu a tsaye. Ya ba shi wani littafi aro kamar yadda ya saba, suka yi sallama.

Kabo ya kwana a gidan ɗansa, bai ce uffan game da wasan ba sai da zai koma. Jaji ya raka shi har bayan gari yana jan jakin. Can tsohon ya ce abin da aka nuna haka ya faru, ba a ƙara masa ba, amma akwai inda aka rage. Ya ce mai fitowa a masinja ya cika sunkuyar da kai, kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Ni ina tsugune nan, tunanin gonata nika yi, da wanda zan ba ɗiyata, da abin da zan hwaɗa wa uwarka in na koma mu yi dariya. Su suka ɗauke ni boyi. Ni ban taɓa ɗaukar kaina haka ba. Wanga shi ne ba ka sa ba."

Wannan magana ta fi ta Bature da ta Bubayero zama a ran Jaji. Ya gane cewa garin nuna abin da ake yi wa mutum, ya kusa manta mutumin.

Da damina ta wuce aka sanar da shi an mai da shi Kusada, wata ƙaramar makaranta da ba ta daɗe da buɗewa ba. Ba a faɗi dalili ba. Wasu suka ce Turawa ne, wasu suka ce manyan da suka ji kunya gaban baƙi ne, wasu suka ce dama ana neman malami a can. Jaji bai taɓa sanin gaskiyar ba, bai kuma bi diddigi ba. A Kankiya, shekarar da ta biyo baya, aka daina wasan ɗungum, aka mai da bikin tsere da jan igiya. Malam Babba ya ajiye aiki, Bubayero ya bar koyarwa ya shiga siyasa gadan-gadan, idan ya biyo ta Kusada yakan sauka gidan Jaji su ci tuwo su ɗora musunsu daga inda suka tsaya.

Zaman Kusada bai yi wa Jaji daɗi da farko ba. Ajin rufin ciyawa ne, yara ba sa zuwa ran kasuwa, Zinariya ta yi kewar danginta. Amma Dudunni ta zo kusa, ya riƙa zuwa yana taya mahaifinsa noma. Da kaka ta yi samarin Dudunni suka roƙe shi ya koya musu wasan don kalankuwa. Ya koya musu, ya kuma ƙara abin da tsohon ya ce an rage. Ya sa masinja ya koma gida da yamma, ya zauna bisa buzunsa, matarsa ta kawo masa ruwa, maƙwabta su shigo neman shawararsa kan rikicin iyakar gona, shi kuma ya tashi ya kwaikwayi tafiyar Bature har kowa ya faɗi don dariya. Sai bayan wannan gari ya waye, ya koma bakin baranda. Kabo ya kalli wannan sau ɗaya kafin rasuwarsa, yana zaune a gaba, ya yi dariya har da tari.

A shekarar ƙarshe ta mulkin Turawa, Jaji ya tafi Kano sayen allunan rubutu da alli na makaranta. Gari ya cika da maganar 'yancin kai, ana fentin gine-gine, ana koya wa yara sabuwar waƙa. Zinariya ta yi masa saƙon yadi, ya shiga wani kantin Turawa. Yana gaban kanta, mai kantin ya riga ya ɗauko almakashi, sai wata Baturiya ta shigo. Mai kantin ya ajiye almakashin, ya yi wa Jaji nuni da hannu ya matsa gefe. Jaji ya matsa. Ya tsaya yana kallon yadda mutumin ya yi nunin, da bayan hannu, ido na wani wuri, yana lura da shi kamar yadda ya saba lura da duk wanda zai kwaikwaya. Da aka sallame ta aka yanka masa yadinsa, ya naɗe ya fita.

Ya sami motar Katsina a tasha, ya hau baya tare da 'yan kasuwa da buhunan gishiri. Ya sauka a Kankiya, ya ɗauki kekensa inda ya ba da ajiya, ya ɗaure allunan a baya. Hadari ya taso daga gabas, ga shi gobe akwai makaranta, sai ya ƙara sauri don ya isa Kusada kafin ruwa ya sauko.